Mariyamu Biyu, Ɗaki Ɗaya

Ni tattalin arziki na karanta, amma tun da na taimaka aka kafa cibiyar kwamfuta a Zariya, aikin ya manne mini. Daga can aka kira ni Khartum, daga Khartum sai Madina, a shekarar 1402 ta Hijira. Ba na iya zama wuri ɗaya. Matata Kaltuma tana cewa ko a tabarmar cin abinci ƙafata rawa take yi.

Babban aikinmu na farko daga wani kwamitin waƙafi ya zo. Za a rushe wasu tsofaffin ribaɗai kusa da Harami, gidajen da tsofaffin mata marasa kowa suke zaune kyauta, a mayar da matan sabon gini a unguwar Ƙurban. Aka kawo mana sunaye ɗari huɗu da goma sha biyu a takardu duk maiƙo, wasu an rubuta su sau biyu. Kowane suna muka huda masa kati irin wanda na'ura ke karantawa. Ni da kaina na kafa doka: in suna ɗaya ne, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, na'ura ta fitar da kati guda. Kati arba'in da ɗaya aka fitar daga jerin. Shugaban kwamiti ya yaba mini, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ana saura kwana biyar a rushe, wata tsohuwa ta zo da sanda, ta zauna a bakin ƙofar cibiyar ta ƙi tashi. Na fito a fusace, don na tsani a katse mini aiki.

"Kai ne Duktur Khalilu, mai injin?"

"Ni ne, Inna. Lafiya?"

"An raba makullai, ban samu ba. Sun ce Mariyamu Usmanu ta riga ta amsa. Ɗana, waccan 'yar Katsina ce, ɗakinta na bisa nawa. Ni daga Damagaram na taho."

Na karɓi iƙamarta, takardar izinin zama, na duba. Ranar haihuwa, ɗaya ga Rajab, 1330.

"Wa ya gaya miki wannan ranar?"

Ta yi dariya, babu haƙori ko ɗaya a sama. "Mai rubutu ya dube mu ya sa. Duk wadda ba ta san ranarta ba, Rajab aka ba ta. Mu duka a ribaɗin nan 'yan Rajab ne."

Shekara guda ina garin nan ban san wannan ba, saboda ban taɓa zama na tambayi kowa ba. Ga mu Hausawa da Mariyamu da Usmanu kamar ba a halicci wasu sunaye ba. Na koma ciki na zazzage kwalin katin da aka fitar a ƙasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari tun da safe ina ofishin shugaban kwamiti. Ya saurare ni yana juya carbi.

"Ma'alesh, sai haƙuri, ya Duktur. An rufe jerin, an sa hatimi. Ɗakunan da suka ragu mun ba wasu. Sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe?"

"Bayan Idi, in sha Allah."

Na bi ribaɗan nan ɗaki-ɗaki da kati a aljihu, a ƙafa, cikin rana. Ashirin da tara maimaici ne na gaskiya. Goma sha biyu mutane ne masu rai, suna kallona. Wasu 'yan uwansu suka raɓa da su a unguwar Jurf, wasu suka cusa kansu ɗakin ƙawaye. Inna Mariyamu ce kaɗai ba ta da kowa a Madina, sai wani jikan ƙanenta, Abdou, direba a Jidda. Na ce ta zo gidana. Ta ce ba ta zama gidan wanda ba muharraminta ba, shi ke nan.

"Ba ɗakin ne ya dame ni ba," in ji ta. "Shekara shida muka yi a hanya da ƙafa. Na binne 'ya'ya biyu a Sudan. Shekara arba'in ina jiran a kai ni maƙabartar Baƙi'a, kusa da Manzo. Yanzu da abin ya matso za a fitar da ni?"

Ranar Asabar Abdou ya zo ya ɗauke ta zuwa Jidda.

Mako bakwai na yi ina zarya. Na rubuta takarda huɗu, na yi wa mutanen da suka girme ni tsawa, na ba su haƙuri, na sake yi musu tsawa. Aka kira ni wani aiki a Riyad mai tsoka, karo na farko a rayuwata na ce ba inda za ni. Daga ƙarshe aka share wani ɗakin ajiya a hawa na farko na sabon ginin, aka miƙo mini makulli.

Ban ko biya gida ba, na kama hanyar Jidda. Na sami Abdou a ƙofar gida da baƙi a kan tabarma. Ya dubi makullin da ke hannuna, ya yi mini magana da Larabci, sannan ya maimaita da Hausa don ya tabbata na ji.

"Shekaranjiya ta rasu, Duktur. Ta yi ta tambaya ko ka bugo waya. A nan Jidda muka binne ta."