Gonar Kakan Mista Otha

"Kada ki taka!" in ji Mista Otha daga ƙasa. "Ƙafarki tana kan gonar kakana."

Verlene ta ja da baya, kwanon wake da burodin masara a hannunta. Tsohon yana kwance a ɗakin girkinsa tsakanin firji da tebur, robar iskar numfashi ta zame daga hancinsa, ga wata tsohuwar taswira shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun da na sunkuya."

"Allah ya shirye ka. Mutum ya haura tamanin yana rarrafe."

Ta ajiye kwanon, ta tallabe shi ta zaunar a kujera. Ba shi da nauyi ko kaɗan. 

Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu a wannan layi na birnin St. Louis a Amurka. Ita ta yi ritaya daga girkin makarantar firamare, shi kuwa masana'antar narka ƙarfe ce ta cinye masa huhu. Matarsa ta rasu, ɗansa Renard yana can Phoenix, sai waya in ya tuna. Tun da likita ya gaya masa gaskiya cewa kwanansa ya kusa, Otha ya ɗora ransa a kan abu ɗaya, kabarin uwarsa. Yana ɗan ƙarami ta rasu a nan birni, aka kai gawarta jihar Arkansas a jirgin ƙasa, aka binne ta a gonar ubanta. Bai riƙe komai ba sai rijiya da inuwar bishiyoyin pikan, masu 'ya'ya kamar gyaɗa. Daga baya gonar ta fita hannunsu, dangi suka watse, ubansa kuma har ya mutu bai sake ambaton sunan wurin ba.

Verlene ce take kai shi laburare. A tsohon littafin ƙidayar jama'a suka fara ganin kakan, Hosea Gantt, manomi, gona tasa ta kansa. A ƙarƙashinsa ga Arzella, uwar Otha, tana 'yar shekara tara. Otha ya ɗora yatsa a kan sunan, ya daɗe bai ɗauke ba. Da yake mai ƙidaya gida-gida ya bi, sunayen maƙwabta a jere suke, su suka bi a taswira har suka kama wurin, bayan coci, inda rafi ya yi kwana. Sai kuma wata jarida, can ƙasan shafi inda ake cusa labarin baƙar fata, kusa da tallan alfadari: an kawo 'yar Hosea Gantt daga St. Louis, an binne ta a gida.

"Kusa da ita za ku sa ni," in ji shi, yana juya waken da cokali bai ci ba.

"Renard ya sani?"

"Renard ya ce a ƙona gawata a zuba tokar a tulu. Sai ka ce gishiri." Ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. "Sista Verlene, motarki tana da mai?"

"Likita ya ce ba tafiya."

"Likita ya san inda uwarsa take."

Ta ɗauki taswirar daga ƙasa ta naɗe.

Da sassafe suka kama hanya. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, wanda yanzu ya yi masa yawa, ya kafa hula. Duk hanya bakinsa bai rufu ba. Ya ce tuƙinta na kunkuru ne, ta ce wanda bai da mota ba ya zaɓen direba. Ya ba ta labarin yadda uwarsa take hura masa kunu kafin ta ba shi. Ya ce fuskarta ta ɓace masa, hannun kawai yake gani.

Da rana tsaka suka sauka daga kwalta. Ba coci. Rafin ma an miƙe shi ya zama lambatu. Waken soya ne kore shar, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ba bishiya ko ɗaya. Verlene ta juya taswirar sama, ta juya ta ƙasa.

"Mun ɓata hanya," in ji Otha.

"Ba mu ɓata ba."

Wata a-kori-kura ta tsaya a bayansu. Wani Bature mai furfura ya fito, ya gaishe su da ladabi, ya ce sunansa Kimbrell, shi yake noma wurin. Verlene ta yi masa bayani.

"Pikan? Ƙwarai, Yallaɓai, na tuna su. Ina yaro babana ya kawo katafila ya share wajen."

"Kaburburan fa?" in ji Otha.

Mutumin ya cire hularsa, ya dubi takalminsa.

"Akwai wasu 'yan duwatsun siminti. Cikin rafi aka tura su. Baba ya ce ba mai zuwa wurinsu."

"Ga ni na zo," in ji Otha.

Ya ƙura wa mutumin ido.

"A ina suke? Nuna mini daidai wurin."

Kimbrell ya ɗaga hannu, ya share iska da shi daga hagu zuwa dama, filin da zai ɗauke unguwarsu kaf. "Wajen nan dai. Wallahi ba zan iya cewa ga shi ba." Da Verlene ta yi masa maganar binnewa, sai ya girgiza kai. Ƙasar ta kamfani ce yanzu, shi ma aro yake.

Otha ya shiga gonar. An yi ruwa kwanan nan, baƙar laka tana kama masa ƙafa. Verlene ta bi shi rungume da tukunyar iskar numfashinsa. Ya yi 'yar tafiya ya tsaya, ya cire hula. Ya fuskanci gabas, ya juya yamma, ya sake juyowa, ya rasa inda zai sa gaba.

"Mama," ya ce a hankali. Iska ta kaɗa ganyen wake.

Ya dubi Verlene. "A kanta nake tsaye, ko ba a kanta ba?"

Ta so ta yi masa ƙarya. Har ta buɗe baki, sai ta ga idonsa.

"Ban sani ba, Mista Otha."

Da taimakon Kimbrell suka mai da shi mota. Mutumin ya yi ta ba da haƙuri ta taga, Otha bai ko dube shi ba.

A hanyar komawa ba tsiya, ba labari. Sun yi nisa cikin jiharsu ta Missouri kafin ya yi magana.

"Gara da ban gano ba. Da can a inuwa take."

"Tana wurin Ubangiji, ba a cikin wake ba."

"Ki gaya wa Renard ya yi yadda ya so."

La'asar ta yi sanyi ta tsaya a gidan mai. Ya ce ta sayo masa kofi, a zuba sukari da yawa. Ta ce an hana shi sukari. Ya ɗan murmusa, ita ma ta ji wautar maganarta, ta tafi. Akwai layi a kanti, ta ɗan jima.

Ta dawo ta same shi kansa jingine da gilashi, hular a cinyarsa.

"Ga shi nan, mai rigima."

Ta sake kiransa. Ta taɓa hannunsa, ta taɓa wuyansa, ba motsi, ba numfashi. Tukunyar iska tana ta huci ita kaɗai. Ta miƙa hannu ta murɗa, hucin ya tsaya.

Ta kira motar asibiti, ta kira Renard, wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Sai ta zagaya ta zauna a mazauninta, kofin yana ƙona mata tafin hannu. Manyan motoci suna wucewa, motarta tana ɗan girgiza. A ƙasa, lakar takalminsa ta soma bushewa, tana tsagewa, tana zuba kaɗan-kaɗan a kan shimfiɗar mota, da ganyen wake guda ɗaya manne a dunduniya.