Huhun Gyara

Ni mahauci ne a kasuwar Getso. Tun ina saurayi, huhu nake yankowa in ba masu saye gyara, don a wurina ba nama ba ne.

Da likita a Kano ta gano ciwon daji ya fara tsirowa a nawa huhun, sai ta ce hanya biyu ce: ko a cire ɓangare guda sukutum, ko a yanke ɗan wurin kawai. Tunda abin ƙarami ne, waɗanda aka yi wa kowanne kusan daidai suke rayuwa.

Na marairaice na ce, "Likita, don Allah a yanki kaɗan."

Matata Asibi ta harare ni. "Malam, yau kuma huhu ya zama nama?"