Layin da Basiru Ya Jira

Barira na tsaka da sheƙar gero mijinta Basiru ya tsuguna kusa da ita, ya kare wayarsa da hula saboda hasken rana, ya ce ta duba. A fuskar wayar akwai wani zane mai hawa da sauka kamar sawun maciji a kan rairayi, wai farashin gero ne a Dawanau. An tsaga shi da layuka a tsaitsaye, na farko kusa da juna, na gaba suna ƙara nisa.

Ya yi mata bayani yadda Oga Nabil ya koya musu a wani shago a Rijiyar Zaki, lokacin da ya je cin rani. Ana auna tazarar da ke tsakanin araha da tsada, sai a jera layuka: ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas, kowane adadi haɗin biyun da suka gabace shi. Duk inda layi ya faɗa, nan kasuwa za ta juya. Nabil ya rantse musu da wannan ma'auni aka jera ganye a jikin reshe, don haka ba ya ƙarya. Layi na gaba ya faɗa kafin azumi. Wanda ya sayar yanzu zai sayi ninki idan farashi ya karye.

“Ashe gero ma ya yi makaranta, Baban Maryam,” in ji Barira, tana kakkaɓe ƙaiƙayi daga zaninta. “To ka gaya masa ya gaida malaminsa.”

Basiru ya yi dariya, amma bai kashe wayar ba. Ya gaji da ganin suna sayarwa da kaka a wulaƙance, su saya da bazara da tsada. Yana so ko sau ɗaya gidansu ya riga kasuwa.

* * *

Tun da yanar ido ta rufe wa mahaifinsa Malam Mati gani, rumbu ya koma hannun Basiru. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa masa: ya ci, ya sayar, ya yi kyauta, amma kada ya taɓa dammunan da ke rataye a sama. Waɗannan su ne iri. Kowace kaka ana zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo da cika tun tana tsaye a gona, haka uban Mati ya yi, haka kakansa, har geron ya saba da jigawarsu, yana nuna ko da ruwa ya ɗauke da wuri.

Basiru ya kai geron ci kasuwar Ɗanbatta, ya bar iri. Azumi ya zo ya wuce, farashi bai karye ba, sai ma hawa. Nabil ya turo murya a waya cewa ƙananan ɗalibai sun ɗora ma'aunin a gurbin da ba nasa ba, ainihin juyin yana layi na gaba, kuma sai wanda ya biya kuɗin babban aji zai ga ranar. Basiru ya biya. Abin da ya rage suka riƙa awo da shi kwano-kwano.

Da layin ya matso, ya sauko da dammunan iri. Ya ce wa Barira aro ne kawai, da zarar kasuwa ta faɗi zai nemo wanda ya fi shi. Ta tambaye shi a wace kasuwa ake sayar da geron kakansa. Ya juya ya ci gaba da sauke dammunan. Ta yi sussukar a gidan maƙwabta don kada tsohon ya ji ƙarar turmi. A Ɗanbatta dillali ya yaba ƙwayar, sannan ya juye ta cikin buhun wani geron da aka kawo daga nesa, ya ɗinke baki.

* * *

Ruwan shuka ya sauka da hantsi ranar wata Laraba, mai ƙarfi, har ya cika kwatami. Kafin la'asar gari ya watse zuwa gona, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙorai a bayansu.

Malam Mati ya sa jikarsa Maryam ta ja shi zuwa gindin rumbu. Fuskarsa a sake, yana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce a sauko da iri ya sa masa albarka kamar kowace shekara. Barira ta shige ɗaki.

Basiru ya jingina tsani, ya ɗaga murfin jinka, ya dira ciki. Igiyoyin na nan suna lilo, babu komai a jikinsu. Wayar ta yi motsi a aljihunsa, saƙon Nabil ne: an gyara lissafi, a ƙara haƙuri zuwa layi na gaba. Ya durƙusa a ƙasan rumbun, ya cire hularsa, ya shiga tsintar ƙwayoyin da suka maƙale a tsagar laka yana zubawa a ciki, rabi gero rabi kashin ɓera.

“Basiru,” tsohon ya kira daga waje. “Ka same su?”

“Ina zuwa, Baba.”

“To, bi a hankali, ɗana. Kada ka zubar.”