Da Sauƙi

Shekara takwas na yi ina dispensa a ɗakin magani na Potiskum, can bakin unguwar Hausari, a zamanin da Turawa ke mulki. Sunana Idrisu. Na iya Ingilishi, kuma in faɗi gaskiya, iyawar ta hau mini kai.

Likita Bature sau ɗaya yake zuwa a wata. Idan zai koma, mutum ɗaya tak motarsa ke iya ɗauka zuwa babban asibiti, inda ake yin aiki. Ni ne tafinta, don haka abin da na faɗa masa shi ne abin da ya ji.

Ana jibi zai zo aka kawo Bobbo, wani Bafulatani da bijimi ya soka a ciki a Kasuwar Shanu. Raunin ɗan ƙarami ne a ido. Wanda ya kawo shi Sajo ne, surukinsa, uban matarsa Asta. Tsohon ya zauna a gefen tabarmar Bobbo, ba ya tashi sai salla. Asta kuma tana daga bakin ƙofa, ita ke jinya.

Da likita ya zo, majinyata biyu ke neman gurbin motar, Bobbo da wani manomi mai karaya a cinya, wanda ihunsa ya cika unguwa. Likita ya danna cikin Bobbo. Ko gezau bai yi ba.

"Tambaye shi yaya ciwon," in ji likita.

Na tambaya. Bobbo ya saci kallon surukinsa, ya sunkuyar da kai.

"Da sauƙi, Malam."

Na juya na ce wa Bature da Ingilishina mai kyau, wai ya ce yana samun lafiya. Aka ɗauki mai karaya, mota ta tashi.

Abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Wane ne bai san "da sauƙi" ba? Mai shirin cikawa ma haka yake amsawa. Kuma na san Bafulatani ba ya nishi a gaban surukinsa, ko abinci ba ya ci. Duk na sani. Amma ina so Bature ya ga ba na inda-inda, sai na miƙa masa kalmar, na bar ma'anarta a kan tabarma.

Kwana uku bayan haka cikin ya kumbura, Bobbo ya rasu da hantsi.

Bayan sadakar bakwai Asta ta zo karɓar sandarsa da tabarmarsa. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini.

"Malam, ba a cikinmu kake zaune ba?" ta ce, Hausarta na karyewa. "Da ka ce wa baffana ya ɗan fita, da mijina ya gaya maka."

Na ce ai na tambaye shi. Kunya ta kama ni tun kafin in rufe baki.

Ta warware tabarmar ta nuna mini gefe ɗaya, inda kabar ta tsinke, ta yi baƙi. Na ga wurin tun ranar da likita ya zo, har na yi wa mai shara faɗa a kan ɓeraye.

"Duk sa'ad da baffa ya fita alwala," ta ce, "nan mijina yake cizo."