Akwatin Ƙarfe Mai Baki Ashirin

Ranar Laraba da hantsi aka gama naɗar babi na ƙarshe na littafin kimiyya, ga shi kuma ranar Juma'a da sassafe motar hayar da za ta kwashi yara zuwa hutu za ta tashi. Mwalimu Atuganile, wato Malama Atuganile, ta zauna a ɗakinta na sashen makafi, a makarantar firamaren da ke gangaren Tukuyu, ta jawo gwangwanin ganyen shayi inda ta zuba 'yan filas na adana sauti, irin waɗanda ake sokawa a kwamfuta, guda ashirin da shida, ɗaya na kowane ɗalibi.

Tun tana shekara tara ƙyanda ta tafi da idanunta, don haka ta san yadda dogon hutu yake ga makaho a ƙauye. Littattafan da ake karantawa da yatsa kwafi ɗaya ne a kowane darasi, kuma ba sa barin makaranta. Yaro zai koma gida ya yi wata guda a bakin murhu yana ɓare wake, ya dawo kansa fayau, alhali 'yan aji bakwai jarrabawa na jiransu a watan Satumba. Shi ya sa ta shafe wata huɗu tana bin malamai da ma'aikaciyar jinya da matar fasto, kowa ya karanta mata babi biyu ko uku tana naɗa. Kowane yaro yana da ƙaramin rediyo mai karɓar filas. Abin da ya rage kawai a kwafe.

Ta soka na farko a tsohuwar kwamfutarta, wadda bakin soka filas ɗaya ne ya rage mata mai aiki. Muryar da ke karanta mata allon kwamfutar ta ce awa ɗaya da rabi. Ko ta daina cin abinci ta daina koyarwa, Juma'a za ta riske ta ba ta gama ba.

Mama Tumpale, mai dafa wa yaran kwana abinci, ta shigo da shayi da dafaffiyar ayaba, ta tarar da ita ta yi tagumi. Da ta ji damuwar sai ta ce, "Ai akwai wani ƙarfe a sito mai irin waɗannan ramukan, jere reras kamar haƙoran masara. Da shi nake tokare ƙofa idan zan kwaso gari."

"Ƙarfen wa?"

"Cikin kayan da aka kawo kyauta bara. Mkuu ya ce ba ya aiki."

Mkuu shi ne shugaban makaranta, Mwalimu Mwaipopo. Atuganile ba ta tsaya neman izininsa ba, ta ce a ɗauko. Akwati ne na ƙarfe mai tsawon kamu biyu, mai nauyi, da kunnuwa na ɗaure shi a bango. Ta bi shi da yatsa ta ƙirga baki ashirin, kowanne da ɗan makunninsa. A gefe akwai wayar da ke shiga kwamfuta. Ta haɗa, ta soka filas ɗaya, kwamfuta ta yi ƙarar da take yi idan ta karɓi abu. Na biyu ma haka. Da ta kai na huɗu sai ta ji ƙarar fita, sannan ta shiga, sannan ta fita, kamar ana wasa da ƙofa.

"Fitilun ma sai kyaftawa suke," in ji Mama Tumpale. "Na gaya miki mushe ne."

"Mushe ba ya karɓar biyu ya ƙi huɗu. Wani abu ne bai ishe shi ba."

Ta juya akwatin ta shiga lalube bayansa. Yatsanta ya faɗa wani ɗan rami zagayayye, kusa da shi kuma wani ɗan toshe mai kusoshi biyu. Ta ce Mama Tumpale ta duba ko akwai rubutu.

"Turanci ne, Mwalimu. Ni da Turanci sai gaisuwa."

"Lambobin kawai nake so."

"Akwai sha biyu da V. Akwai goma da A. A kan kusoshin nan kuma, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da ta ɗebewa."

Nan ta gane abin yana da abincinsa dabam, kwamfuta ba za ta iya ciyar da shi ba, kuma cajar da ta zo da shi ta ɓata tun ranar da aka sauke kayan. Da aka tashi daga makaranta ta ɗauki sandarta, ta sa akwatin a jaka, ta hau acaɓa zuwa kasuwa cikin yayyafi. Mai shagon kayan waya ya gwada caja uku, ya samu wadda bakinta ya shiga ramin, ya ce sha biyu ce daidai, ta je ta more.

Ba ta more ba. Ta dawo ta jona, ta cika baki goma sha biyu, aiki ya fara kamar gaske. Hannunta na kan cajar, don ita da hannu take duba abu. Kafin a yi minti goma ta ji ta yi zafi kamar dutsen guga, sai kuma ƙaurin roba. Ta fizge ta daga bango. Filas ɗin duka suka fita lokaci guda, abin da aka fara kwafewa ya lalace.

Yinin Laraba ya tafi a banza. Ta ji yara a tsakar gida suna gardamar wanda zai zauna kusa da taga a mota, ta tuna ita da bakinta ta yi musu alkawarin kowa zai tafi da littattafansa a aljihu. Ta tattara filas ɗin ta mayar cikin gwangwani.

Alhamis tun kafin a buga ƙararrawa tana garejin Lusekelo, mai gyaran wutar mota a bayan tasha, wanda suke zuwa majami'a ɗaya. Ya karɓi akwatin ya jujjuya, ya duba ƙonanniyar cajar ya yi dariya.

"Dada, 'yar'uwata, wa ya sayar miki da wannan? Sha biyun dai sha biyu ce, amma ƙarfinta ɗaya ne, shi kuma akwatin goma yake nema. Kin tara mutum ashirin a kan kwano ɗaya na tuwo."

"To ina zan samu mai goman?"

"A garin nan babu. Ko a Mbeya sai an dace. In daga birnin Dar ne, mako guda."

"Gobe yaran za su tafi."

Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce. Sannan ya ce ai waɗannan kusoshin biyu don irin haka aka yi su, masu masana'anta ba sa wahala da caja, waya suke ɗaurawa kai tsaye. Ya karanta rubutun da kyau, ya ce akwatin zai karɓi wutar batirin mota ba tare da matsala ba, in dai an sa fis a hanya, wanda zai katse wuta in ta yi yawa, kuma ba a juya wayoyin ba.

"In aka juya fa?"

"Sai ki koma tokare ƙofa da shi da gaske."

Batiran da ke garejin duk matattu ne da aka kawo caji. Ya yanko waya mai kauri ja da baƙa, ya sa fis a jan, ya ɗaure su a kusoshin, ya matse. Ya ce zai zo ya haɗa mata da rana idan ya sallami wata babbar motar ɗaukar shayi. Ta ce ba ta da rana, ya nuna mata kawai. Ya kama hannunta ya ɗora a kan wani batir: ƙahon tarawa ya fi kauri, kuma alamar a tashe take kusa da shi, ana jinta da yatsa. Ta sa ya ƙulla mata ƙulli biyu a jan waya don ta bambanta ta da baƙar.

Mota ɗaya ce a duk makarantar, tsohuwar farar motar Mwalimu Mwaipopo, wadda yake goge ta da kansa kowace safiya. Atuganile ta shiga ofishinsa ta gaishe shi, ta zauna, ta yi bayani tun daga farko.

"Batirin motata?" ya ce. "Mwalimu, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Mkuu. Aro ne, na yini ɗaya."

"Wannan akwatin ni da kaina na gwada shi."

"Ka ba shi wuta?"

Ya ce yana da taro a ofishin ilimi na gunduma ƙarfe huɗu da rabi, kuma batir ba abin wasa ba ne. Ta ce ta sani. Ya ce a bar shi sai bayan hutu, a yi odar abin da ya dace. Ta ce bayan hutu yaran sun dawo, amfanin me zai yi. Ya jawo takardu ya shiga sa hannu, ita kuma ta ajiye sandarta a gefen kujera ta gyara zama. Malamai biyu suka shigo suka fita, tana nan. Aka kawo masa shayi, ya sha shi kaɗai bai ji daɗinsa ba.

"Ba za ki tashi ba ke nan."

"Ajina na hannun Mwalimu Ipyana har ƙarfe biyu. Ba ni da gaggawa."

Ya ture kujera ya tashi. Da kansa ya kwance batirin, ya rungumo shi har ɗakinta yana mita, ya ce ƙarfe huɗu daidai zai dawo ya ɗauka, an gama ko ba a gama ba.

Ta sa Mama Tumpale ta buɗe taga. Ta kashe makunnai ashirin ɗin duka. Ta lalubo ƙaho mai kauri, ta ji alamar, ta ɗauki waya mai ƙulli biyu ta matse a kai, sannan baƙar a ɗayan.

"Ja a kan tarawa?" ta tambaya.

"Ja a kan tarawa. Wata koriyar fitila ta kama, kuma ba ta kyaftawa."

Wannan karon ba ta yi garaje ba. Ta soka filas, ta kunna makunninsa, ta jira kwamfuta ta karɓa, ta ji sunansa, sannan na gaba. Da ta kai sha uku ta tsaya, don ta fi son zubi biyu da ta tabbatar da su a kan zubi ɗaya da zai iya rushewa. Ta tura littattafan cikin kowanne, duka suna kwafewa a tare. Tana taɓa akwatin, tana taɓa wayoyin. Ɗumi kaɗan, ba zafi. Zubin farko ya ci awa biyu da rabi, ya kammala babu wanda ya fita.

Na biyun ne ya ja. Akwai filas masu nauyin jiki a cikinsa, kuma sai da ta tsaya raba wa yara sakamakonsu kafin ta fara. Ƙarfe huɗu ta ji takun Mwalimu Mwaipopo a baranda, da ƙarar sifana a hannunsa.

"Lokaci ya yi, Mwalimu."

"Saura minti ashirin da biyar."

"Ba haka muka yi ba."

"Gaskiya ne, ba haka muka yi ba. Amma in ka cire yanzu, sha ukun nan duka sun lalace, kuma su ne na 'yan aji bakwai." Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙahon batirin. "Ka yi haƙuri, Mkuu. Ka rubuta mini takardar gargaɗi in ka ga dama."

Mama Tumpale, da ke tsaye bakin ƙofa da muciya, ta ce ai acaɓa ma yana zuwa gunduma, kuma shi ba a goge shi. Ya ce mata ba da ita yake ba. Ya ɗan tsaya yana kallon fitilun nan sha uku, sannan ya ajiye sifanar a kan tebur da ƙarfi ya fita. Suka ji yana kiran mai acaɓa a bakin ƙofar makaranta, ruwa na sauka.

Da zubin ya ƙare ta kashe makunnai, ta cire baƙar waya sannan ja. Ba ta yarda da maganar kwamfuta kawai ba. Ta ɗauki rediyonta, ta riƙa soka filas ɗaya bayan ɗaya tana tsallakawa zuwa babin ƙarshe na kowane littafi. Ashirin da huɗu suka yi magana. Biyu suka tsaya a tsakiyar littafin tarihi, irin na jabun nan ne da ba su kai girman da aka rubuta a jikinsu ba. Ta ciro nata daga jaka, Mwalimu Ipyana ya ba da nasa, ta kwafe su kai tsaye daga kwamfuta, ɗaya kafin abincin yamma, ɗaya da asuba.

Juma'a da safe Mwalimu Mwaipopo ya mayar da batirinsa, ya murza makulli, mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Sai da malamai uku da Mama Tumpale suka tura ta gangaren majami'a kafin ta tashi. Ya zagayo ya dawo, ya bar ta a kunne, ya tako wurin da Atuganile take tsaye a ƙofar motar yara tana kiran suna tana rataya wa kowa filas ɗinsa a wuya da zare.

"Lusekelo ya ce mai goman sai daga Dar," ya ce, muryarsa a dishe da mura. "Ki sa ya rubuto mini sunanta daidai. Ba na son a sake taɓa mini mota."

"Zan karɓo yau, Mkuu."

Ta kira suna na gaba. Wata 'yar aji bakwai, Sekela, ta miƙo wuya tana tambaya ko lissafi ma yana ciki, don da ta so a ce an manta da shi.

"Yana ciki, babi goma sha huɗu," in ji Atuganile. "Kuma da shi zan fara tambayarki ranar da kuka dawo. Hau ki ba na baya wuri."