Sawu Biyu Suka Rage wa Mai Kati

A ofis Mai Kati ake ce masa, domin duk kamfanin jirgin sama da ya ce a yi rajista a riƙa tara maki, sai da ya shiga. Kati bakwai gare shi, kuma babu wanda ya taɓa sama masa ko kofin shayi. Matarsa ce ta zaunar da shi ta baje katunan a kan gado.

"Maigida, kana zuba ruwa a bokiti bakwai, ko ɗaya bai kai rabi ba. Wane jirgi ofis ya fi saka ka?"

"Mai shuɗin kati."

"To, riƙe shi, ka rabu da sauran."

Ya riƙe shi wata goma sha ɗaya. Sai ga saƙo a waya: sawu biyu suka rage ya samu katin zinariya, mai ɗakin hutun manya da ƙarin kaya kyauta, amma ranar Laraba za a rufe shekara. Ofis kuma babu tafiya sai wata mai zuwa.

Laraba da safe ya buga wa sakatare waya yana nishi, ya ce haƙori ya kwantar da shi. Ƙarfe tara yana cikin jirgi da tikitin zuwa da dawowa, ko jaka babu. Yana ɗaura bel wata mata ta ce, "Malam, ɗan matsa mini." Ya ɗaga kai. Manajarsa ce, wadda ta bar sanarwa cewa yau tana taro a babban ofis.

"Mai Kati? Ba kai ne haƙori ya kayar ba?"

Ya dafe kumatu. "Ranki ya daɗe, likitan a can yake."

"Sakatare ya ce na dama ne. Hagu ka dafe."

Ya sauya hannu. Jirgi ya tashi. Can ya lura ita ma jakar hannu kawai ta riƙe, ga shuɗin kati yana leƙowa daga bakinta. Ya sauke hannunsa a hankali.

"Ranki ya daɗe, babban ofis ai bayan gidan man da ke kusa da ofishinmu yake. A ƙafa ma ana zuwa."

Ta kalli taga. "Sawu nawa ya rage maka?"

"Biyu."

"Ni ɗaya."

Suna sauka wayarta ta yi ƙara: ta samu zinariya. Kafin ya gama yi mata murna aka yi shela cewa jirgin komawa ya samu matsala. Suka ruga kantar kamfanin jirgin, inda wata ma'aikaciya ta ce za a juye fasinjoji a jirgin wani kamfani.

"Makin fa?" in ji Mai Kati.

"Babu maki sai a namu. Muna da na ƙarfe huɗu, kujera ɗaya ta rage." Ta duba na'ura. "Masu zinariya ake fara ba wa. Ta Madam ce."

"'Yar'uwa, zinariyar tata ko minti goma ba ta yi ba!"

"Ko minti ɗaya ne, malam."

Manaja ta miƙa hannu za ta karɓi takardar shiga. Mai Kati ya ja numfashi, ya ga shekara guda ta cin busasshen biredi a sama tana shirin tafiya a banza.

"Ranki ya daɗe, ɗauki abinki. Ni zan bi wancan, ya fi saurin isa. Sai in biya babban ofis in shaida musu kina hanya, kada su yi ta jira a wajen taro."

Hannunta ya tsaya a iska. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Barazana kake mini?"

"Wane ni! Hidima ce."

Ta juya ga ma'aikaciyar. "Ba shi kujerar."

Ƙarfe biyar da kwata jirgi ya dira, wayarsa ta yi ƙara, har ya sumbace ta a gaban mutane. Washegari ya shiga ofis yana gaishe da kowa sau biyu. A kan teburinsa ya tarar da takarda mai sa hannun Manaja: saboda riƙon amanarsa, an ƙara masa girma zuwa shugaban sito, aikin da ba a barin kujera.

Ya buga wa matarsa waya. Ta ce, "Madalla! To yaushe tafiya ta gaba?"

Ya dubi takardar. "An ce in riƙa leƙa ɗakin ajiya na ƙasa sau biyu a rana."