Minti Goma Sha Ɗaya da Na Yanke

Wani mafarki na yi daren jiya, amma kafin in faɗe shi bari in faɗi abin da na kwanta da shi a rai, kada a ce tuwo ne ya yi mini yawa.

Kaset ɗaya tak muke da shi wanda mahaifiyata, Inna, take ciki, na ranar sunan 'yata Walida, shekara ashirin da ɗaya ke nan. Inna ta rasu bara. Makon jiya na aro tsohuwar na'urar bidiyo, na jona ta da kwamfutar Walida, na juye kaset ɗin kaf, awa biyu da 'yan mintoci. Yana gama juyewa na'urar ta kama zaren ta tauna. Wato abin da ya shiga kwamfutar nan shi ne kaɗai ya rage mana na motsin Inna da muryarta.

Kwana uku na yi ina aiki a kansa. Na daddatsa shi gunduwa-gunduwa, na tsince wurare masu kyau, na haɗa minti ashirin da zan tura wa dangi. Ni da ko hoton fasfo ban taɓa gyarawa ba, sai ga ni ina hura hanci a gida. Sauran gutsattsarin na watsa su kwandon sharar kwamfutar. Walida ta ce da safe za ta zubar da kwandon kafin ta koma makaranta Zariya, don na cika mata wuri.

Da muka kalli minti ashirin ɗin tare, sai ta ce wai ko Inna fushi take yi da ni ranar, don ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. Na ce mata kunyar ɗan fari ce, su 'yan yanzu ba su san ta ba. Ni ne ɗan farin Inna. Ba ta taɓa kama sunana ba, "wannan yaron" nake a bakinta har na yi furfura. Na yi wa Walida bayani da muryar wanda ya sani, amma tambayar ta bi ni har shimfiɗa. Shekara arba'in da tara ina gaya wa kaina kunya ce kawai, kuma ban taɓa samun abin da zan dafa in ce ga shaida ba.

A mafarkin sai na gan ni a tashar motar wani gari da safe, da almakashin tela a aljihu. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana komawa sama, don haka kowa ya kifa lemarsa yana tafiya a kanta. Wani mai shayi yana karɓar kofuna cike, shayin ya miƙe ya koma buta, mutane su yi godiya su tafi da baya. Na tambaye shi lafiya. Ya ce wani ne ya danna komawa baya tun ranar Talata, ya tafi alwala, har yau bai dawo ba. Ban ga abin mamaki a ciki ba, na ce Allah ya dawo da shi lafiya.

Ya dubi aljihuna ya ce, "Kai ne mai almakashin? Ana nemanka a ofis."

Sai aka yanka. A garin ba a tafiya da ƙafa in wuri ya yi nisa, yanke mutum ake yi daga nan a liƙa shi can.

Ofishin babba ne, an rubuta a ƙofarsa: Ma'aikatar Abubuwan da Aka Yanke. Awaki ne ma'aikatan. Wata akuya tana buga hatimi da kofato, wata tana amsa waya tana cewa shugaba yana taro. Shugaban kuwa bunsuru ne mai tabarau da babbar riga, warinsa ya riga shi gaishe ni. Baƙin zaren kaset yake zuƙa daga faranti kamar taliya. Ya nuna mini kujera, ya tambayi iyali da gajiya, ya ce aikina yana kyau, tun ranar Litinin suke samun kaya daga wajena.

"Me ka zo nema?" in ji shi.

Na ce ban sani ba.

"Yawanci haka ake zuwa. Cike takarda."

Na cike, na miƙa masa, ya cinye ta, ya ce an karɓa. Daga nan ya nuna mini wani kwandon kaba a tsakiyar ofis, girmansa ya kai rumbu. Ya ce duk abin da na yanke yana ciki, kuma ƙarfe takwas suke karin kumallo, abin da ya kwana a kwando nasu ne. Na duba agogon bango. A duk garin shi kaɗai ne yake tafiya gaba, kuma bakwai ta wuce.

Sai aka yanka, na gan ni cikin kwandon.

Ashe unguwa ce guda. Ga yaran da suka riƙa giftawa gaban kyamara, suna ta giftawa ba su isa ko'ina ba. Ga tarin da liman ya yi kafin addu'a, an jera shi a kan kanta. Ga wata mata da ta yi hamma, tana tsaye da hammarta tana jiran a zo a karɓa. A kan wani benci na tarar da Kawu Ɗanlami, ƙanin Inna, hannu a sama, baki a buɗe. Jawabin minti goma sha takwas ya yi ranar sunan, na bar masa "Assalamu alaikum" da "na gode".

Yana ganina ya sauke hannun ya ce daidai zai shiga wurin mai daɗin na yanke shi. Na ba shi haƙuri, ko da yake Allah ya sani ko a farke jawabin nan ba shi da wuri mai daɗi. Bai riƙe ni ba. Ya ce ai ba shi na zo nema ba, in gangara unguwar ƙasa. Na ce wace ce unguwar ƙasa. Ya ce in tuna Ashiru mai kyamara, lokacin da yunwa ta kama shi ya rataya kyamarar a kafaɗa bai kashe ba, ya shiga cikin gida wajen masu girki neman abinci.

Na tuna. Minti goma sha ɗaya ne cur, ba a ganin komai sai ƙasa da ƙafafun mutane. Shi na fara yankewa, har ina yi wa Ashiru tsaki bayan shekara ashirin da ɗaya. Da gudu na wuce wurin, kuma in kana gudu da bidiyo ba ka jin murya.

"Ka duba," in ji Kawu, "amma ba ka saurara ba." Ya mayar da hannunsa sama ya buɗe baki.

Sai aka yanka.

A unguwar ƙasa sama ta sauko har gwiwa, don haka da rarrafe na shiga, ni da babbar rigata. Tsakar gidanmu ce ta Malumfashi, amma daga gwiwa zuwa ƙasa. Ga duwatsun murhu, ga gindin tukunya, ga gindin turmi, ga kaza tana tsattsaga a bakin ruwan wanke-wanke. Ƙafafun mata suna kai da kawo, babu mai jiki, kuma babu wadda abin ya dama. Shiru kake ji ko'ina. Taɓarya tana sauka a turmi ba ƙara, kaza tana buɗe baki ba kuka.

Ban sha wahalar gane Inna ba. Shuɗin silifas ne a ƙafarta, wanda aka ɗaure maɗaurinsa da waya. Saboda sunan nan na saya mata sabon takalmi, ta aiko a ce wa "wannan yaron" an gani, ta sa shi a akwati, a can muka same shi bara. Ga lallenta, ga farcen babban yatsan hagu da ya tsage tun ranar da turmi ya faɗo mata. Kewarta ta taso mini. Na durƙusa, ko da yake dama a durƙushe nake, na ce, "Inna, ina wuni."

Ƙafafun suka juya gefe, suka ba ni diddige. Na yi dariya, hawaye na zuba yana hawa sama. Har a mafarki, har a ƙafa, Inna ba ta fasa ba.

Na ji wari a bayana, na san shugaba ya iso. Shi bai sha wahalar rarrafe ba. Ma'aikatansa suna biye da shi, kowace da adiko a wuya. Ya ce saura minti biyu. Na roƙe shi ya bar mini wannan unguwar kawai, ya cinye liman da tarinsa, ya cinye Kawu. Ya ce doka ba ta san roƙo ba, abin da mai shi ya ce ba shi da amfani, ba shi da amfani. Ya tambaye ni me na gani a nan da zan rubuta a takarda. Na duba, ƙasa ce dai da ƙafafu. Na ce ban ga komai ba, amma ban ji ba tukuna.

Ya cire tabarau ya dube ni, kamar yau na fara magana mai ma'ana. Sai ya miƙo mini kunnensa na dama.

"Murɗa," ya ce. "A hankali, na gwamnati ne."

Na murɗa. Ƙarar daka ta fara tasowa daga nesa, sai kukan kaza, sai ƙarar cokali yana kankarar gindin tukunya. Daidai nan agogo ya buga takwas. Awaki suka yi bismilla suka fara daga gefe. Suka cinye bakin zaure, suka cinye kazar, suka kama duwatsun murhu. Na damƙe silifas ɗin Inna da hannu biyu. Wasu ƙafafu masu mundaye suka matso kusa da nata, na ji muryar Gwaggo Tabawa, aminiyar Inna, tana tambayar wani abu a kan kwano. Inna ta fara amsawa, amma dakan ya yi ƙarfi ya danne ta. Na ƙara murɗa kunnen, bunsuru ya ce wayyo, dakan ya cika duniya.

Na buɗe ido a kan gadona, rana ta fito, ana daka.

Na ɗan kwanta ina jin haushin maƙwabta, sai na tuna a layinmu kowa inji yake kai niƙa, rabon da in ji taɓarya na manta. Daga falo ƙarar take fitowa. Na fita ba hula ba takalmi, ina cewa kada Walida ta taɓa kwandon.

Walida tana zaune a kan akwatinta, ta yafa mayafi, kwamfutar a cinya. Ta ce ta zo zubarwa ne, sai ta ce bari ta leƙa ta ga abin da za ta zubar, kuma wannan ne karo na uku da take kunna wannan guntun. Idonta ya yi ja. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta ƙara murya.

Ƙasa ce dai, tana rawa yadda kafaɗar Ashiru take rawa. Ga gindin tukunya, ga shuɗin silifas mai waya. Mai dakan ta tsaya hutawa, sai muryar Gwaggo Tabawa ta fito sarai.

"Wannan kwanon da kike ta ɓoyo a bayan tulu fa, na wa?"

"Na Nafi'u ne," in ji Inna. "Ƙanzo na kankaro masa. Ba zai tambaya ba, amma shi yake so tun yana ƙarami."

"Iye. Yau ke ce da sunan ɗan fari a baki?"

Inna ta yi dariya, irin wadda ban taɓa ji ta yi a gabana ba. Ta ce, "To wa ya ji?"

Na tuna kwanon. An kawo mini shi da yamma ba saƙo, na cinye tas, na ɗauka abinci ne ya ƙare aka haɗa ni da gindin tukunya.

Na ce wa Walida ta fito da komai daga kwandon, har jawabin Kawu Ɗanlami, kuma ta bi motar rana. Sannan na ce ta mayar baya kaɗan, daidai wurin kwanon. Ta mayar. Muryar ta sake fitowa, ta sake faɗin sunan.

Na san ba kirana ta yi ba, da Gwaggo Tabawa take magana. Amma shekara arba'in da tara ke nan ina ajiye da amsar, sai na matso kusa da kwamfutar na ce, "Na'am, Inna."